Tsohuwa a Baƙin Jeri

Litinin, da hantsi

Saƙonni sun fara dawowa. Duk imel da na aika tun safe daga ofishin ƙungiya sai ya juyo mini da ɗan rubutu a ƙasa, wai ba a karɓa daga gare mu. Har na Mista Gregory, wakilin kamfanin da zai sayi cittarmu ta bana, wanda yake zaune a Legas yana jiran takardu.

Na duba, na ga abin da nake tsoro. Tsohuwa ta shiga baƙin jeri.

Tsohuwa ita ce injin da ke aika mana imel, tana zaune a ƙarƙashin teburina tana gurnani. Ni na haɗa ta da hannuna shekarar da na gama makaranta, lokacin da Ƙungiyar Manoman Citta ta ɗauke ni aiki. Baba ne ya raɗa mata sunan, wai tana tari kamar kakarsa.

Baba Kumai, mahaifina kuma sakataren ƙungiya, ya leƙo da tabarau a kan hanci.

"Yemima, me ya sami Tsohuwa?"

Na ce masa akwai wasu mutane a ƙasashen waje, aikinsu ke nan tara lambobin injunan da ke watsa saƙon shara. Idan lambarka ta shiga jerinsu, manyan kamfanoni sai su rufe maka ƙofa, ko gaisuwa ka aika ba za ta shiga ba.

"To mu me muka yi musu?"

"Shi nake nema, Baba."

Ya tsaya yana kallona ina jawo kujera da hannun dama. Sannan ya koma teburinsa.

Alhamis zan je Jos. Na ce masa sayen batir za ni.

Litinin, da yamma

Na gano ta inda ɓarnar take fitowa. Akwatin imel na Baba ne. Dubban saƙonni da asuba, jiya da shekaranjiya da yau, zuwa adireshin mutanen da ban taɓa jin sunansu ba. Ban buɗe ko ɗaya ba, ba na karanta wasiƙun mutane, kuma na san labarin: wani ɓarawo ya samu kalmar sirrin tsoho yana tallar magani da ita.

Na canja masa kalmar, na rubuta sabuwar da manyan baƙaƙe na ba shi.

"Kada ka ba kowa, Baba. Ko an ce daga banki ne, ko daga ofishin fansho na reluwe."

"To."

"Kada ka danna abin da ba ka sani ba."

"To, Injiniya."

Haka yake kirana idan yana so in yi dariya. Na yi. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya danne ta da tafin hannu.

Na rubuta wa masu jerin cewa ɓarayi ne, kuma mun toshe ƙofar. Yanzu sai jira.

A gida Kaleb, mijina, ya riga ni dawowa daga makaranta, ya dafa gwaten acca. Ya cika gishiri. Na cinye. Peculiar, 'yarmu, ta so ta ɗale jikina yadda ta saba, sai ya sure ta ya ce Mama ta gaji, zo ki hau Baba. Ta ce Baba ba shi da laushi.

Laraba, da rana

Sun cire mu! Takardar farko ta isa wurin Mista Gregory, ya amsa da kalma ɗaya, wai madalla. Saura ta gwajin inganci da ta nauyi, sai an gama shanya.

Na fita bayan ofis na tsaya a sito. Mata sun baje citta a kan siminti suna tsagawa, ƙamshinta har cikin ido. Bana citta ta yi kyau. Tun shekarar da cuta ta ruɓar da ita a gona, ban ga fuskokin matan nan haka ba. Akwai waɗanda suka sayar da akuya suka sayi iri. Akwai waɗanda suka daina gaisawa da gona gaba ɗaya, sai bana suka koma.

Malam Yuguda, mai kula da sito, abokin Baba tun ina goye, ya miƙo mini ƙwarya rufe da faifai. Kindirmo ne, in ji Goggo Zamzam matarsa.

"Ta ce kin rame. Na ce mata aiki ne. Ta ce ko aiki ne ki sha."

Na sha a tsaye.

Alhamis, a mota

Jos. A asibiti sun ɗebi abin da za su ɗiba. Sun ce za su kira.

Juma'a, da safe

Mun koma jerin.

Na zauna ina kallon allon kwamfuta kamar ban iya karatu ba. Kalmar sirrin nan ni da Baba kaɗai muka san ta. Na bi sawu a hankali, kuma wannan karon na duba daga ina aka aika. Ba daga wata ƙasa ba ne. Daga cikin ofishin nan ne, daga kwamfutar da ke kan teburin sakatare, da asuba kafin kowa ya zo.

Mutum biyu ke da makullin ofis. Ni ina hanyar Jos a lokacin, wajen Manchok.

Ban buɗe saƙon ba. Kan maganar kaɗai na gani, don shi ba ya ɓoyuwa. Da Hausa ya rubuta, ya sake da Turancinsa na ma'aikatan reluwe: Ina roƙonku ku yi wa ɗiyata addu'a.

Na kashe allon. Na shiga bayi na rufe ƙofa na buɗe famfo, ko da yake babu ruwa a ciki.

Da na fito yana teburinsa yana lissafin buhuna, fensir a bayan kunne. Ya ɗago ya ce, "An samu batir ɗin?"

Na ce an samu.

Na rufe akwatinsa ta yadda ba abin da zai fita. Ban faɗa masa ba.

Asabar, da la'asar

Ban je ko'ina ba. Inda suka ɗiba yana ja.

Na tambayi Kaleb ko shi ya faɗa wa Baba. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce bai faɗa wa kowa ba, ko mahaifiyarsa. Na yarda da shi. Kaleb ba ya iya ƙarya, kunnuwansa ke motsi.

Lahadi, bayan sujada

Kowa ya sani.

Tun daga bakin ƙofar ikilisiya na gane. Masu gaishe ni suna riƙe hannuna fiye da kima. Fasto ya yi addu'a domin "waɗansu a cikinmu da ke ɗauke da kaya mai nauyi", mutane kuma suka yi ƙoƙarin kada su juyo, wanda ya fi juyowar ciwo.

Da aka tashi, Mama Milka, shugabar Zumuntar Mata, ta taho ta rungume ni. Ta ɓangaren dama kaɗai. Ita da take matse mutum har ya nemi numfashi.

"Ɗiyana, Yesu yana tare da kai. Ba abin da zai same ka."

Haka Hausarta take, kowa kai ne a bakinta. Kullum yana ba ni dariya. Yau na ji kamar in zauna a ƙasa.

Ɗanta da ke Kaduna ne ya ga saƙon ya kira ta. Ita kuma ta kira sauran.

Na so in riƙe abin nan ni da Kaleb har sai mun san sunansa. Na so in zaɓi ranar, in zaɓi kalmomin, in dafa wa Baba shayi in zaunar da shi tukuna. Yanzu wani mutum a Indiya da ya taɓa ba Baba katinsa a kasuwar baje koli ya riga Peculiar sani.

Baba yana layin dattawa, ya rera waƙar rufewa da ƙarfi kamar kullum, yana gaba da kowa da rabin layi. Na fita ta ƙofar gefe.

Litinin, da sassafe

Na riga shi zuwa. Na zauna a kujerarsa ina jira. Da ya buɗe ƙofa ya gan ni, sai ya tsaya da makulli a hannu.

"Saƙona ba ya fita tun Juma'a," in ji shi. "Na ɗauka netwok ne."

"Ni na rufe."

Ya jawo benci ya zauna. Na shirya maganganu da yawa a keke napep, duk suka watse. Abin da ya fito shi ne, "Wa ya faɗa maka?"

"Ba kowa."

"Baba."

"Na ga yadda kike riƙe hannun hagu. Na ga kin daina ɗaukar yarinya. Na ga launin katin asibitin da ya leƙo daga jakarki." Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Na taɓa riƙe irin katin nan, Yemima. Shekara biyu yana aljihuna."

Ba mu ambaci Mama ba. Ba ma ambatarta a ofis.

Na tambaye shi inda ya samo adireshin. Ya buɗe durowa. Katunan 'yan kasuwa ɗaure da roba, littattafan taron manoma, sunayen 'yan fansho na reluwe, na mishan da suka bar ƙasar nan tun ina firamare, da wani ɗan filashi da ya saya a hannun mai shagon kwamfuta a bakin tasha, wai akwai adireshin Kiristoci na duniya a ciki. Shi da ya koyi tura imel da yatsa ɗaya. Ya ce mai shagon ne ya nuna masa yadda ake zuba su gaba ɗaya.

Na yi masa bayani da murya mai sanyi, don in na ɗaga ta zan yi kuka. Na ce yawancin mutanen nan ba su san mu ba, suna ganin saƙon sai su danna cewa shara ne. Wasu adireshin masu su sun mutu ko sun watsar da su tuntuni, masu jerin kuma sukan karɓe irin waɗannan su mai da su tarko. Duk wanda ya aika wa tarko, sun san bai nemi izinin kowa ba.

"Addu'a ce shara?"

"Injin bai san addu'a ba, Baba. Yawa yake gani."

Ya mayar da tabarau a fuska. Can ya ce, "Lokacin uwarki na yi shiru. Ta ce kada in faɗa wa kowa, na bi maganarta. Har aka gama ba wanda ya sani sai mu biyu da bango. Na ce wannan karon ko Allah zai gaji da jin sunanki, sai dai ya gaji."

Na ce, "Amma nawa ne, Baba. Jikina ne. Ba ka tambaye ni ba."

Ya ce, "Ban tambaye ki ba."

Bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban ce na haƙura ba. Na tashi na ba shi kujerarsa. Da zan wuce ya kama gefen zanena kaɗan, kamar yadda nake kama rigarsa a kasuwa ina ƙarama, sannan ya saki.

Talata, da rana

Shiga ta biyu ba kamar ta farko ba ce. Wancan karon layi ɗaya na rubuta, na danna maɓalli. Yanzu sun ce tunda mun dawo da wuri, sai mutum ya duba, kuma sai na bayyana ainihin abin da ya faru da abin da na yi don kada ya sake. Ga shi kuma wancan karon na ce musu ɓarayi ne.

Na kira Mista Gregory na roƙe shi ya bari in turo takardun ta adireshina na kaina, ko ta waya. Ya ce shi ba ya ƙi, amma kamfaninsu ba ya karɓar takarda sai daga adireshin ƙungiya, don an taɓa damfararsu da takardun bogi. Ya ce jirgin ruwa ba ya jiran kowa. In ƙarshen mako mai zuwa ya yi ba su gani ba, za su cika kwantenar da cittar wani wuri.

Ya yi maganar da ladabi. Shi bai samu saƙon Baba ba, injinsu ya tare shi. Na ji daɗin magana da mutumin da bai tausasa mini murya ba.

Laraba, da yamma

Kwamiti ya zauna a ƙarƙashin mangwaro. Labari ya riga ya zaga cewa sakatare ne ya jawo. Wani daga Zonkwa, ba zan rubuta sunansa ba don gobe zan huce, ya ce tsufa ya zo, a ba yara wuri. Ya ce mutane sun zuba duk abin da suke da shi a gonar bana, ba za a yi wasa da shi saboda matsalar gida ɗaya ba.

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi.

Baba ya miƙe, ya ciro makullin ofis daga zoben makullansa. Ya daɗe yana fama, farcensa ya ƙi shiga. Ya ajiye a kan tebur ya ce shi ya yi, ba wanda ya sa shi, kuma duk abin da aka yanke ya karɓa.

Malam Yuguda bai cika magana a taro ba. Yau ya gyara zama ya ce, "Shekarar da aka yi tashin hankali, iyalina a ɗakin mutumin nan suka kwana har ƙura ta lafa. Bai tambayi kwamiti ba. Wannan halin nasa ne, in abu ya taɓa nasa ba ya tsayawa tambaya. Ran nan ya yi mana amfani, yau ya yi mana ɓarna. Ni dai ba zan ɗaga hannu a cire shi ba. Makullin kuwa a ba ni in riƙe, in ya zo da safe mu buɗe tare."

Aka yi dariya kaɗan. Aka bar shi a haka.

Suka juyo gare ni, wai yaushe za a gyara. Na ce ina ƙoƙari. Ba wanda ya matsa mini, har mutumin Zonkwa. Da ma sun matsa.

Alhamis, da hantsi

Na rubuta wa masu jerin. Na goge, na sake, na goge.

Akwai akwati a shafinsu da aka ce a bayyana dalili. Na fara da cewa wani ma'aikaci ya yi kuskure. Na ga ba ƙarya ba ce, amma ba Baba ba ne a ciki. Daga ƙarshe na rubuta yadda yake. Na ce wancan karon na zaci ɓarayi ne, ban duba da kyau ba. Na ce mahaifina ne, tsoho ne, ya ji tsoro saboda ba ni da lafiya, ya roƙi duk wanda ya samu adireshinsa ya yi mini addu'a. Na ce na goge adireshin duka, na sa wa kowane akwati iyakar abin da zai iya aikawa a yini, kuma daga yau ba mai samun saƙon taro daga gare mu sai wanda ya ce da bakinsa yana so. Na ce manoma da yawa suna jiran wannan injin.

Wannan ne karo na farko da na rubuta "ba ni da lafiya". Ga baƙo, da Turanci, a cikin ɗan akwati.

Filashin na ba Malam Yuguda. Ya ce zai jefa a masai. Katunan na bar wa Baba, nasa ne.

Juma'a, da rana

Shiru daga masu jerin. Shiru daga Jos. Duk ƙarar da waya ta yi sai in yi wuf in ɗauka, kuma ban san wanne nake jira ba.

Asabar, da safe

Jos sun kira.

Asabar, da yamma

Kaleb ya wanke mini kai a tsakar gida. Bai iya ba, kumfa har cikin kunne. Peculiar tana zuba ruwa da kofi tana ba shi umarni. Na rufe ido na bar su.

Laraba ta sama za su yi aikin. Likitar ta ce an zo da wuri. Ta faɗa, ta sake faɗa. Na riƙe wannan.

Na je gidan Baba da kaina kafin magariba. Na dafa shayin, na zaunar da shi, na faɗa masa da kalmomin da na zaɓa. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce, "An zo da wuri." Na ce haka ta ce. Ya maimaita a hankali kamar yana ɗanɗana shi.

Sai ya ce, "Yanzu ina tambaya. Kin yarda in roƙa miki?"

Na ce na yarda. Amma ga waɗanda suka san ni, kuma sai sun ce suna so. Kuma ban da bayanin jikina.

"Sunanki kaɗai?"

"Sunana ya isa."

Litinin, da la'asar

Abin da na gani yau. Baba a bayan mashin ɗin Malam Yuguda, ya rungume shi ta ciki, hular sanyi har kunne, suna bin gari gida gida. Wai neman izini suke. Sun je Kagoro, sun je Unguwar Rimi, sun tsaya a tashar jirgi wurin tsofaffin abokan aikinsa da ke zama a benci suna kallon layin dogo. Kowa sai Baba ya tambaye shi, "Ka yarda in riƙa turo maka?" Mafi yawansu ba su da imel ma. Suka ce ya zo da bakinsa ya fi.

Malam Yuguda ya ce limaminsu ya sa ni a addu'a bayan sallar asuba, kuma shi bai nemi izinina ba, in ina da ƙara in kai. Na ce ba ni da ita.

Waɗanda suka amsa ta imel ba su cika tafin hannu da yawa ba. Baba ya ɗan ji kunyar ƙanƙantarsu. Na ce masa waɗannan za su karanta.

Har yanzu muna cikin jerin. Citta ta bushe, an ɗura a buhu, an ɗinke. Matan suna wucewa ta tagata a hankali, ba sa tambaya.

Laraba, da hantsi

Sun cire mu.

Amsar gajeriya ce, irin wadda inji ke rubutawa: an duba, an cire, in aka sake za a daɗe. Amma a ƙasa akwai layi ɗaya da ba na inji ba. Wani ko wata, ba suna, ya ce yana fatan zan samu sauƙi, kuma in gaishe da mahaifina.

Ban yi gaggawa ba. Injin da ya fito daga jeri kamar mai tashi daga jinya ne, ba a ɗora masa kaya. Na aika ɗaya zuwa adireshina, ya shiga. Na jira. Na aika wa Mista Gregory takardar inganci. Na zauna na harɗe hannu ina kallon Tsohuwa, ina ce mata yi haƙuri, yi haƙuri, kamar akuya mai haihuwa.

Bai dawo ba.

Na aika ta nauyi. Ita ma ba ta dawo ba.

Da ya kira ya ce sun gani, mota za ta taso jibi, na leƙa ta taga na ɗaga wa Malam Yuguda hannu. Hannun dama. Kafin in sauke, guɗa ta tashi a sito.

Na faɗa wa Baba an ce a gaishe shi. Ya ce wa? Na ce masu baƙin jerin. Ya yi tunani ya ce, "Ashe akwai mutum a ciki."

Juma'a, da rana

Tirela ta zo ta toshe layinmu gaba ɗaya, masu keke suna ta zagi. An yi lodi ana waƙa. Mutumin Zonkwa ya zo har teburina ya ajiye mini doya biyu, ya fita.

Saƙon Baba na farko ta sabuwar hanya ya fita yau. Ya kawo mini in duba kafin ya tura, ya tsaya a bayana kamar ɗan makaranta. Layi uku ne. Na gyara masa harafi ɗaya don kawai ya ga na karanta.

Lahadi, da yamma

Na nuna wa Kaleb yadda ake kashe Tsohuwa da tayar da ita in wuta ta yi wasa. Ya rubuta komai a bayan littafin darasinsa. Na faɗa wa Peculiar zan je Jos likita ya cire mini wani abu da ba na so, zan kwana biyu, za ta zauna wurin Mama Milka. Ta tambaya ko zai yi zafi. Na ce kaɗan. Ta ce in na yi kuka ba komai, ita ma tana yi.

Na haɗa jaka. Na cire rigar da na fi so na mayar cikin akwati, sannan na sake ɗaukowa. Ban san wace irin riga ake sawa bayan nan ba.

Baba ya ce ba zai iya zuwa asibitin ba. Ya ce ofis ba kowa. Na san ba ofis ba ne. Ginin da Mama ta yi jinya ne, hawan ma ɗaya. Na ce ya zauna, Kaleb ya isa.

Talata, a mota

Dutsen Kagoro ya yi kore har yanzu. Kaleb ya riƙe hannuna tun daga tasha, gumi ya haɗa mu, ba wanda ya saki.

Juma'a, da la'asar

Rubutun ya karkace, a kwance nake.

An yi. Likitar ta ce ta gamsu da abin da ta gani, saura magani na wasu watanni, za mu yi maganarsa in na ƙara ƙarfi. Ban duba ƙarƙashin bandejin ba tukuna. Kaleb ya duba lokacin da ake wankewa. Na kalli fuskarsa, kunnuwansa ba su motsa ba da ya ce ɗinkin ya yi kyau.

Ɗazu ina gyangyaɗi na ji muryar Malam Yuguda a baranda yana cewa, "Kumai, mun biya kuɗin mota tun daga Kafanchan, ba a baranda za mu tsaya ba."

Na juya kai. Baba yana bakin ƙofar ɗakin, da rigarsa ta zuwa sujada, leda a hannu. Ƙafarsa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Ba ni yake kallo ba, gadon da ke kusa da taga yake kallo, inda wata mata take barci. Ya daɗe a haka. Malam Yuguda ya karɓi ledar, ya kama shi a gwiwar hannu, ya shigo da shi kamar ana tsallakar da mutum rafi.

Ya tsaya a ƙarshen gadona. Ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Tsohuwa lafiya lau," in ji shi. "Ban taɓa komai ba."

"Na sani, Baba."

"Lemo ne a ledar. Ban san ko an yarda ki sha ba."

"Zauna, Baba."

Babu kujera, Kaleb ya fita da ita. Sai ya zauna a bakin gadon, can wajen ƙafafuna, a hankali don kada ya girgiza ni. Ya ɗora tafinsa a kan ƙafata ta saman bargo. Ya ce, "Da ɗumi." Ya sake cewa, "Ƙafarki da ɗumi."

Daga nan kafaɗunsa suka fara rawa. Malam Yuguda ya juya mana baya, ya ciro wuƙa ya fara ɓare lemo.